Jagororin Injin Zarto da Ajiyarsu: Waiwaye Daga Nassarawa

Injin zarto mai teburi ba shi da wani fasali mai wuyar ganewa. Teburi ne shimfiɗaɗɗe, da faifan ƙarfe mai haƙora da ya leƙo ta tsakiyarsa, da na'urar lantarki a ƙarƙashi wadda ke juya faifan sau dubu uku zuwa huɗu a minti guda. Faifan da aka fi samu a ƙananan wuraren aiki mai faɗin inci 10 ne. Abin da injin ya ƙware a kai shi ne tsaga katako bisa tsawonsa, ana jingine da shingen da ke gefe. Duk yankan da ya wuce wannan, na gicciye ne, ko na kusurwa, ko na ƙafar tebur mai tsukewa zuwa ƙasa, sai an nemo abin da zai riƙe katakon ya wuce da shi ta bakin faifan ba tare da ya goce ba. Waɗannan abubuwa su ne littattafan sana'ar ke kira jig, su ne kuma ake nufi a nan da jagororin yanka. Yawancinsu kafinta ne ke ƙera abinsa da guntayen katako da filawud, daidai da injinsa, kuma da wuya na wannan inji ya hau wancan.

Ajiyar irin waɗannan guntaye baƙuwar matsala ce a sana'ar katako ta Kano. Ta taso ne a lokacin da daidaiton aiki ya fara barin ido da hannun gwani yana komawa jikin allo da ƙusa. Unguwar Nassarawa wuri ne mai kyau na bin sawun wannan sauyi, domin a can aka fara koyar da kafinta irin na Turawa a makaranta, a can kuma ake da gidaje masu gareji da boskwata da ke iya ɗaukar wurin aiki na cikin gida.

Zamanin da ma'auni ke cikin ido

Kafin zuwan Turawa, aikin itace a ƙasar Hausa na masassaƙa ne. Kayan aikinsu gatari ne da gizago da 'yan ƙarafan rarake ciki, duk ƙirar maƙeran gida. Da su ake fitar da turmi da taɓarya, da akushi, da kujerar mata, da ƙotar fartanya, da allon karatu. Kowane aiki da itacensa: ƙirya don turmi saboda taurinta, aduwa don allo, giginya kuma a tsaga ta a fitar da azarar rufin soro. Masassaƙi ba ya haɗa katako biyu da ƙusa ko gam. Gungume ɗaya yake ɗauka ya yi ta ragewa har abin da yake nema ya fito.

Irin wannan aiki ba ya bukatar jagora. Awon da ake yi da taƙi ne da kamu da yatsu, sauran kuma ido ne. Turmi biyu daga hannun mutum ɗaya ba sa zama daidai wa daida, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hakan aibi. Kayan aikin gaba ɗaya buhu ɗaya ko jakar fata ke ɗauke su, a rataye a maratayi ko a jingine a lungun zaure. Abin da ake tattali shi ne kaifin ƙarfe da ƙarfin ƙota. Ilimin kansa yana cikin kai, ɗa ya gada daga uba ta hanyar kallo da kwaikwayo, saboda haka gara ba ta cin sa, damina ba ta kumbura shi.

Zuwan zarto da sukwaya

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sun kafa mazauninsu a wajen ganuwa, a Nassarawa da Bompai. Gidajensu da ofisoshinsu na bukatar abubuwan da masassaƙi bai saba yi ba: ƙofa mai gidan ƙofa, taga mai marfi, tebur, kabad, akwatin takardu. Duk waɗannan haɗe-haɗe ne na falankai, kuma haɗi ba ya zama sai kusurwa ta cika digiri 90. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, kuma a cikinta akwai sashen koyon sana'o'in hannu da ya haɗa da kafinta. Gidansa yana nan har yau a unguwar, an mayar da shi gidan tarihi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya buɗe hanyar kawo katakon dazuzzukan Kudu. A ƙarshen shekarun 1940 aka kafa babbar masana'antar katako da filawud a Sapele, sai falle mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8 ya fara zama abin da aka saba gani.

Kafintan wancan zamani da zarton hannu yake aiki, da guduma, da sukwaya, da fensir a maƙale a kunne. A wurinsa aka fara ganin kakannin jagorori. Akwai ɗan akwati mai buɗaɗɗen baki da aka tsaga wa hanyar zarto a digiri 45, don yankan firam ɗin hoto da na madubi. Akwai samfura, wato siffar ƙafar kujera ko bayanta da aka yanka a siririn katako ko kwali, a ɗora a zana a yanka. Akwai sandar awo da aka yi wa zane-zanen tsawon ƙofa da taga. Ajiyarsu ba ta ɗaukar tunani: a huda, a zura igiya, a rataye a ƙusa. In ɗaya ya ɓace, maigidan shago zai sake yin wani kafin la'asar, domin siffar tana kansa. Samfuri a lokacin tunatarwa ne kawai, hannu ne ke yanke hukunci.

Shigowar inji

Zarto mai juyawa ya daɗe a Turai. A 1777 aka yi wa Samuel Miller rajistar fasahar a Ingila, a 1906 kuma Wilhelm Altendorf ya fito da inji mai teburi mai zamewa a Jamus. A Kano sai da wutar lantarki ta yaɗu kafin injin ya fita daga ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya kawo injinan koyon sana'a makarantun sakandare, ko da yake da yawansu sun daɗe a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. Inda injin ya yi jijiya sosai shi ne kasuwannin 'yan katako, irin na Na'ibawa da Rijiyar Lemo. A can mutum zai sayi falanki, ya miƙa wa mai inji, a tsaga masa tu-bai-tu ko tu-bai-fo, ya biya kuɗin yanka ya ɗora a kura. Da yawan injinan ƙirar gida ne: mai walda ya haɗa ƙafafu, aka ɗaura na'ura da bel, aka shimfiɗa katako ko farantin ƙarfe a sama. Shingensu sau da yawa guntun katako ne da aka danne da ƙusa biyu, a cire a matsar in awo ya canza.

Wurin aiki na cikin gida wani abu ne daban, kuma ba shi da yawa. A Nassarawa akan same shi a garejin da mota ta bari, ko a ɗaki ɗaya na boskwata, a hannun ma'aikacin da ya yi ritaya, ko malamin fasaha, ko matashin da ke haɗa kabad ɗin kicin yana tallata aikinsa a Instagram. Injinsa ƙarami ne, sabo daga Sin ko na hannu daga Turai. Wanda ya fito daga Amurka sai an nema masa taransifoma, domin an gina shi kan wuta mai ƙarfin volt 120, ta Najeriya kuwa 230 ce. Mai irin wannan wuri ba shi da yaran shago da za su riƙe masa katako, ba shi kuma da shekara ashirin ta horon hannu. Jagora ne ke tsaya masa a matsayin duka biyun. Da ƙwarewa ta koma cikin allo, sai lafiyar allon ta zama lafiyar aikin.

Ire-iren jagorori

Babba a cikinsu shi ne tiren yankan gicciye. Allon filawud ne mai faɗi, wanda kan kai santimita 60 a gefe ɗaya da 90 a ɗayan, da shinge a gaba da baya, da sanduna biyu sirara a ƙarƙashi. Sandunan suna shiga dogayen gurabu biyu da ke saman teburin inji, waɗanda a injinan Amurka faɗinsu kashi uku cikin huɗu na inci ne, wato milimita 19. Akwai ƙaninsa mai shinge biyu a karkace don yankan digiri 45. Akwai dogon jagoran da ke fitar da ƙafar tebur mai tsukewa, da mai tsayi wanda ke riƙe katako a tsaye don a fitar masa da harshen da zai shiga rami, da wanda ke yanka haƙoran haɗin akwati masu shiga juna kamar yatsun hannu biyu. Sai ƙanana: sandar turi da ke nisanta yatsu daga faifai, da matajin katako da ke danne aiki ga shinge don kada inji ya yi harbi da shi, da murafan bakin teburi da ake yankawa daidai kaurin kowane faifai.

Wahalar ajiyarsu ta fito ne daga siffarsu. Ba biyu da suka yi kama. Wani faffaɗa ne mai sanduna a ƙasa, ba ya kwanciya daidai. Wani dogo ne siriri. Wani yana da noti da mariƙi da suka turo waje. Ba sa jeruwa kamar falankai, ba sa shiga akwati kamar guduma. Sannan kuskurensu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Shingen da ya goce da digiri ɗaya tak yana jawo saɓanin milimita 5 a allo mai faɗin santimita 30. Firam mai kusurwa huɗu yanka takwas ne, saboda haka rabin digiri a kowane yanka ya zama digiri huɗu, kuma kusurwar ƙarshe za ta buɗe baki kowa ya gani.

Hunturu da damina

Shawarwarin ajiya da ke cikin littattafan Turai an rubuta su ne don ƙasashe masu wani yanayi. Kano tana da nata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busar da komai, danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka. A Agusta danshi kan kai kashi 80. Katako yana shan wannan danshi yana amayar da shi, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi.

Sandar da ke ƙarƙashin tire ita ce ke fara ba da labari. A ce an fere ta a watan Janairu, ta shiga gurbinta cif, tana tafiya sumul. Ruwan Agusta na sauka, sai a ɗora tiren ya ƙi motsi, ko ya yi ta cijewa a tsakiyar yanka, wanda shi ne lokaci mafi haɗari, domin mai aiki zai ƙara ƙarfi hannunsa na kusa da faifai. In aka goge ta da samfefa ta saki, to hunturu na dawowa za ta yi sako-sako, a riƙa jin ƙwas-ƙwas in an girgiza tiren hagu da dama. Abin da ke tsakanin cijewa da rawa bai fi rabin milimita ba. Shi ya sa masu lura suka koma yin sandar da roba mai tauri ko alminiyam, ko su zaɓi busasshen katako mai nauyi irin su loko da maɗaci, su goga masa kakin zuma ko kyandir maimakon mai, wanda ke kama ƙura.

Filawud ya fi katako haƙuri, domin an jera ɓawonsa ne wani a gicciye da wani, amma shi ma yana da rauninsa. In aka jingine tire a bango a karkace na tsawon damina, sai ya yi ciki, kuma ba ya komawa. Allon garin katako da aka matse, wanda ake kira MDF, ya fi kowanne santsin fuska, amma in gefensa ya taɓa ruwa sai ya kumbura kamar burodi. Daɓen siminti yana tsotso sanyi daga ƙasa, garejin da ke gangare kuma yakan sha ruwan tsakar gida. Ga gara, wadda ke bin tsagar daɓe ta gina hanyarta a bayan duk abin da aka daɗe ba a ɗaga ba. Ga tsatsa a kan noti da damina, ga jar ƙura a cikin gurabu da hunturu. Akwai kuma wata barazana da ba ta cikin kowane littafi: ga idon wanda bai sani ba, jagora guntun katako ne kawai. Sandar turi da matajin katako sun sha ƙarewa a murhu, ko a wutar da maigadi ya hura don jin ɗumi a daren sanyi.

Yadda ajiya ta koma

Ƙa'ida ta farko ita ce raba jagora da ƙasa. Ko dai a rataye shi a miƙe sak, ko a kwantar da shi a kan shimfiɗa madaidaiciya wadda ta tallafe shi ko'ina. Jingina a karkace ita ce ba a so. Ga manyan tirori bango ya fi, amma ba da ƙusa ɗaya irin ta dā ba. Akan huda ramuka biyu a gefen da ba ya aiki, a rataye a turaku biyu, nauyi ya rabu, sanduna su kalli waje don kada bango ya goge su. Bangon ciki ya fi wanda ruwa ke duka, kuma ana barin tazarar yatsa biyu a baya don iska ta ratsa, hanyar gara kuma ta fito fili.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a 'yan shekarun nan, musamman ta bidiyoyin YouTube, ita ce maratayin da ake dangantawa da Faransa. Ana tsaga dogon filawud gida biyu da faifai a kwance digiri 45. Rabi ɗaya a ɗaure shi a bango bakinsa na kallon sama, ɗaya rabin a yanyanka a manna a bayan kowane mariƙi bakinsa na kallon ƙasa. Idan aka ɗora, sai su sarƙe, nauyin kayan ya ƙara danne su. Amfaninta shi ne ana iya sauya wa kowane jagora wuri ba tare da sake huda bango ba, abin da ke da muhimmanci ga ɗan haya da kuma bangon bulo mai saurin rugujewa.

Wurin da ke ƙarƙashin fiffiken teburin inji, inda dā garin katako ke taruwa kafin masu kiwon kaji su zo kwasa, yanzu akan gina masa kabad mai tsagogi a tsaye, kowane tire da gidansa, kamar littattafai a kanta. Marfi yana tare ƙura. Ƙananan jagorori suna shiga aljihun tebur ko kwando, ban da sandar turi. Ita wurinta gefen shinge ne, inda hannu zai kai ba tare da ido ya bar faifai ba, domin sandar da sai an tashi nema ba za a yi amfani da ita ba. Tsarin jeri kuwa yawan amfani ne ke yanke shi: na kullum a daidai ƙirji, na shekara-shekara a sama, mai nauyi kada ya wuce kafaɗa.

Sabon abu na gaske shi ne rubutu. Kafintan dā bai rubuta komai a samfurinsa ba, domin shi ya san shi. Yau ana rubuta wa jagora aikinsa, da kusurwarsa, da faifan da aka yanka shi da shi, da watan da aka ƙera shi. Awon ma sai an faɗi na wane ne, tunda kasuwa da inci take sayar da katako, zanen kabad kuma da milimita yake zuwa. Wasu kan shafa wa gefen kowane jagora jan fenti, alamar da yaro da maigadi za su gane cewa wannan ba makamashi ba ne. Sau biyu a shekara, farkon damina da farkon hunturu, akan gwada su. Gwajin mai sauƙi ne: a yanka allo gida biyu, a kifa ɗaya, a haɗa bakunansu a kan teburi. In haske ya ratsa, shinge ya goce, kuma giɓin da ake gani ninki biyu ne na kuskuren. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai ranar da ya sayo katako mai tsada, a jikin katakon zai gano kuskuren.

Ragewa ma tana cikin ajiya. Filayen Nassarawa na dā masu faɗi da inuwar bishiyoyi ana ta raba su, wasu sun zama otal, wasu makarantu da ofisoshi da rukunin gidaje, sai wurin da ake ware wa aikin hannu ya ƙara matsewa. Jagoran da aka yi don aiki ɗaya, aka shekara biyu ba a taɓa ba, gara a kwance notinsa da mariƙansa, a zana siffarsa da awonsa a littafi, a mayar da allonsa wani amfani.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Riba a bayyane take. Mutum ɗaya a gareji yana iya fitar da ƙofofin kabad ashirin masu awo ɗaya, aikin da dā sai gwani da yaransa. Yatsu ma sun fi tsira. Injin SawStop da ya shiga kasuwa a 2004, mai tsayar da faifai da zarar ya taɓa fata, tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin masu ƙananan wurare, saboda haka tire da sandar turi su ne kariyar da ke hannu. Asarar kuwa ita ce dogaro. Masassaƙin da gobara ta cinye wa rumfa zai je wurin maƙeri ya dawo da gizago, washegari ya ci gaba. Mai injin da damina ta lanƙwasa wa jagorori sai ya yi kwanaki yana sake gina daidaiton da ya rasa, in ma wuta ta samu.

Cikin shekaru ɗari da 'yan kai, ma'aunin aikin katako a Kano ya tashi daga ido ya koma sukwaya, ya tashi daga sukwaya ya koma jagora. Na farko ba ya bukatar wurin ajiya, na biyu ƙusa ɗaya ta ishe shi, na uku kuwa sai da bango busasshe, da suna a rubuce, da gwaji sau biyu a shekara. Jagoran da aka bari a ƙasa ya sha damina ɗaya ya daina zama ma'auni, ya koma guntun katako.